Fitilar Da Ta Tona Asirin Inna

 Kwana biyu an ji ni shiru, a yi mini afuwa, hidimar gida ce da ta kasuwa suka sha kaina. Abin da ya dawo da ni yau shi ne wani alkawari da na ɗauka a wajen wani suna a Fadaman Mada, inda wani ɗan uwanmu haifaffen Asawase ya ja ni gefe ya ce ya ga wasu 'yan fitilu a gidana masu kunna kansu da kansu, yana son ya sa wa mahaifinsa irinsu. Na ce masa labarin yana da tsawo, ba na tsaye ba ne, amma zan rubuta domin duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya amfana. To ga shi, Allah ya sa a dace.

Ga wanda bai san ni ba, a Aboabo aka haife ni, cikin birnin Kumasi. Kakanmu fataucin goro ne ya kai shi can, ya zauna, ya yi iyali. A watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, ƙanin mahaifinmu ya tattara nasa ya nasa ya dawo Nijeriya, ƙarshe dai Bauchi ta karɓe shi. Mahaifinmu ya tsaya. Ni kuwa a 1999 na biyo sahun baffan nawa, da niyyar in yi shekara biyu ina taya shi tsaron shago a kasuwar Wunti. Shekara biyun nan ce har yau ba ta ƙare ba: na yi aure a nan, 'ya'yana duk Bauchi suka sani. Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a 2021, muka yi ta kai ruwa rana da 'yan uwana a kan inda Inna za ta zauna. Ni ne babba, na dage, a 2022 na je na taho da ita. Ba ta taɓa kiran sunana ba tun da na zo duniya, sunan surukinta ne da ni, saboda haka Babangida take ce mini.

Inna ba baƙuwar duhu ba ce. Ta sha dumsor a Kumasi, wato ɗauke-kawo ɗin nan na wuta da ya addabi Gana tsakanin 2012 da 2016, kuma tun kafin wannan ta girma ne da fitilar ƙwai. Da ta iso ta tarar da halin wuta a nan, dariya ta yi ta ce ashe gida bai ƙoshi ba. Sai dai akwai bambanci babba. Gidan Aboabo ta yi fiye da shekara hamsin a cikinsa, ƙafarta ta haddace kowane lungu, ko an rufe mata ido za ta je bakin famfo ta dawo. Gidana kuwa sabo ne a wajenta, ga shekaru sun kusa tamanin, ga yana ta fara rufe mata idon hagu. Kuma tana da al'adar da ba ta fasawa: cikin sulusin dare na ƙarshe takan tashi ta yi alwala. Daga ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki taku goma sha huɗu ne, na ƙirga daga baya, kuma a tsakiya akwai 'yar matakala guda ɗaya inda simintin baranda ya haɗu da tsakar gida.

Da farko ba matsala, domin idan babu wuta nakan bar ƙaramin janareta ya kwana yana aiki. Sai ga 29 ga Mayu 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur, farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Kamar kowane mai gida a unguwarmu, na yanke cewa ƙarfe goma na dare a kashe inji. Na saya wa Inna tocila, na ga kamar na sauke nauyi.

Wani dare cikin watan Agusta na shekarar aka yi ruwa. Inna ta tashi, ta laluba ba ta ji tocilar ba, ashe autana ya ɗauka ya yi wasa da ita ya bar ta a falo. Ta fito a haka. A kan matakalar nan santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Abin da har yau yake damuna shi ne ba ta kira kowa ba. Ta ja jiki ta jingina da bango a cikin yayyafi, ta zauna har aka kira assalatu, lokacin ne uwargidana ta fito ta gan ta. Da na tambaye ta a hanyar asibiti, "Inna, don Allah me ya hana ki ɗaga murya?" sai ta ce, "Babangida, ka wuni a kasuwa, in tashe ka a kan me?" Aka yi mata ɗori. Likitan ya ce mu gode wa Allah da abin ya tsaya a hannu, domin karayar ƙugu a irin shekarunta takan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi. Da yamma waya ta fara shigowa daga Kumasi. Babu wanda ya zage ni, amma ƙanwata ta faɗi kalma ɗaya da ta tsaya mini a rai, ta ce, "Yaya, a nan dai ba ta taɓa faɗuwa ba." Duk wanda ya ɗauko iyayensa daga can ya kawo su nan ya san nauyin wannan magana.

Babban ɗana, wanda ke karatun injiniya, shi ya kawo shawarar ƙwayayen fitila masu wayo. Ya ce, "Baba, yanzu akwai ƙwan da ake sarrafa shi da waya, a haɗa shi da na'urar jin motsi, da Kaka ta sa ƙafa waje zai kama." Ya yi mini bayani cewa ƙwan LED ne aka sa masa 'yar ƙwaƙwalwa da rediyo a gindinsa, yana magana da na'urar raba intanet ta gida, ita kuma tana magana da manhajar da ke cikin waya. Ya ce tun 2012 kamfanin Philips ya fito da nasa mai suna Hue, daga baya kamfanonin Sin suka cika kasuwa da masu araha. Abin da ya fi jan hankalina shi ne cin wuta: ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, don haka ƙaramin batir ma zai iya riƙe shi. Muka yi odar ƙwai huɗu da na'urar jin motsi biyu daga cikin masu arahar. Kuskuren farko tun a nan aka yi shi, domin ƙwayayen masu murɗawa ne, mazaunan gidana kuwa irin na da ne masu kunne biyu da ake turawa a juya. Sai da mai wayarin ya zo ya canja su.

Makon farko gidan kamar ana biki. Yara suna ta canja launi, falo ya koma kore, ya koma ja. Ni ma ina shago sai in ciro waya in nuna wa maƙwabtana yadda nake kunna fitilar baranda daga Wunti. Ba a jima ba abin ya fara nuna halinsa.

Na ɗaya, ƙwan nan sai an bar makunnin bango a kunne dare da rana, idan aka kashe shi ya zama gawa, waya ba ta iya tada shi. To wa zai hana mutanen gida kashe makunni, alhali ni da kaina na yi shekaru ina faɗa a kan a riƙa kashe wuta saboda katin mita? Na biyu, idan aka ɗauke wuta, ƙwan da na'urar raba intanet duk tare suke mutuwa, wato a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Dole na ƙara kuɗi na sayi ƙaramar inbata da batir, na raba wa baranda da banɗaki layinsu. Na uku, sauran ƙwayayen da ba sa kan inbata, duk sanda aka dawo da wuta sai su kama da cikakken ƙarfinsu, ko da ƙarfe biyun dare ne, ko da mutum a kashe ya bar su. Na huɗu shi ne ya fi ban dariya. Irin waɗannan ƙwayaye, hanyar goge musu ƙwaƙwalwa ita ce a kashe a kunna sau uku a jere. Mu kuwa a nan wuta takan yi wannan da kanta, ta zo ta koma, ta zo ta koma. Wani dare muka farka muka tarar da ƙwan ɗakin Inna yana ta ƙyafta ido ba tsayawa, ya manta kowa, yana neman a sake haɗa shi da waya. Inna na zaune a bakin gado da carbi, ta ce, "Babangida, zo ka fitar mini da wannan abu, ni ban saba kwana da mai ƙifce ba."

Ita ma na'urar jin motsi da nata halin, kuma sai da na fahimci yadda take aiki na daina jin haushinta. Ba gani take yi ba, ɗumi take ji. Jikin ɗan Adam yana fitar da wani irin hasken zafi da ido ba ya gani. A bayan farin ƙoƙon nan nata akwai 'yan idanu biyu masu auna wannan zafi, shi kuma ƙoƙon an tsaga shi gida-gida domin ya raba filin da ke gabansa zuwa yankuna. Idan abu mai ɗumi ya gitta daga wannan yanki zuwa wancan, ido ɗaya ya ji kafin ɗaya, bambancin nan shi ke sa ta kunna fitila. Daga nan ne duk matsalolinta suke fitowa. Ta fi saurin jin wanda ya gitta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Ba ta bambance tsohuwa da kyanwa, shi ya sa magen maƙwabta ta mayar da barandarmu dandalin kunna wuta. Idan mutum ya zauna shiru, a wajenta babu kowa, don haka wanda ya shiga banɗaki ya ɗan jima sai duhu ya rufe shi har sai ya ɗaga hannu. Sannan ga bazara. A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, zafin Bauchi kan kusanci digiri 40 da rana, bango da siminti su riƙe zafin har tsakar dare. Jikin mutum digiri 37 ne, fatarsa ma ba ta kai haka ba. Idan bango ya yi ɗumi kusan daidai da jiki, na'urar takan rasa bambancin da take dogara da shi. Sau da yawa a lokacin sahur sai mutum ya kusa isa ƙarƙashinta kafin ta farga.

Duk waɗannan da kuɗi da haƙuri ana gyara su. Wanda ya fi su nauyi daban ne, kuma ni ne na jawo shi.

Manhajar tana ajiye tarihin duk motsin da na'urar ta ji, har takan aiko da saƙo a waya. Saboda tsoron da faɗuwar nan ta bar mini, na bar saƙon a buɗe. Kowane dare wayata takan yi ƙara: 3:10, motsi a baranda. 3:25, motsi a baranda. Sai in kwanta ina sauraro har in ga ta koma. Ita fitilar barandar kuma fara ce tas, idan ta kama har ɗakunan yara take haskawa ta taga. Ba a ɗau lokaci ba kowa a gidan ya san lokacin tashin Inna. Wata safiya ana karin kumallo na yi suɓutar baki, na ce, "Inna, jiya tun ƙarfe biyu da rabi kika tashi, ko jikin ne?" Ta dube ni ta ce lafiya lau, ba ta ƙara komai ba.

Kwana uku a jere wayata ba ta yi ƙara ba. Na ɗauka na'urar ce ta sake lalacewa. Uwargida ce ta gano abin da ake ciki: Inna ta koma shiga da buta da roba ɗakinta tun da magariba, tana alwala a tsugune a ƙuryar ɗaki cikin duhu, da hannun da bai daɗe da warkewa ba, don kada ta taka baranda. Na shiga na zauna a ƙasa gabanta, na ce, "Inna, laifin me muka yi?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce, "Shekara hamsin ina tashi, mahaifinku ma da muke ɗaki ɗaya bai taɓa ce mini ya ji tashina ba, ko ya ji. Abu ne tsakanina da Ubangijina. Yanzu na zo gidanka, in na motsa sai an buga mini tambari. Ka bar mini ƙasata, ka bar mini ƙawayena, duk na haƙura. Wannan ɗaya da na taho da shi, shi ma sai an ƙirga mini?"

Wallahi 'yan uwa, ban sami abin cewa ba. Ni a tunanina tsaron lafiyarta nake yi. Ban taɓa tsayawa na tambaye ta ko tana son a sa mata ido haka ba. Ita da ta zauna cikin ruwa da karyayyen hannu don kada ta tashe ni, ita ce na sa wa na'urar da ke tashe ni kullum da sunanta. Kuma ƙarshen abin, na mayar da ita cikin haɗarin da ya fi na farko.

Washegari na goge manhajar daga wayata a gabanta. Na kira wani dattijon mai gyaran wuta da muke sallah tare, na kwashe labari na gaya masa. Ya zagaya tsakar gidan, ya ce, "Alhaji, Hajiya ba sama take dubawa ba, ƙasa take dubawa. Me ya kai ka haska rufi?" Shawararsa muka bi. Muka cire ƙwayaye masu wayo daga baranda da ɗakinta. Muka sa 'yan ƙananan fitilu huɗu masu batir a cikinsu da na'urar jin motsi a jikinsu, waɗanda ba ruwansu da intanet, a jikin bango daidai tsayin ƙauri: ɗaya a bakin ƙofarta, biyu a gefen matakala, ɗaya a ƙofar banɗaki. Ya karkata su yadda sai ta gitta ta gabansu, kuma da yake suna kusa da hanyar, ko a bazara suna jin ta. Muka zaɓi masu haske ruwan ɗorawa maimakon fari, wato wanda ake rubuta 2700K a kwalinsa, ba 6500K ba. Haskensu a ƙasa yake kwanciya, ba ya shiga tagar kowa, ba ya kashe ido ga wanda ya taso daga barci, kuma ƙwari da shinge ba sa taruwa a kansa kamar yadda suke yi wa farin. A banɗaki muka bar ƙwai ɗaya mara ƙarfi a kan inbata ya kwana a kunne. Sannan aka kira birkila ya fasa matakalar nan ya mayar da ita gangare mai kaushi, aka kafa ƙarfen dafawa a bango. Wannan aikin birkilan, wanda ya fi komai araha, da shi ya kamata in fara tun ranar da aka iso da ita.

A ƙofar gida kuma na sa mai sola guda ɗaya, irin wadda ke caji da rana ta kama da dare idan an gitta. Amfaninta ya fito fili a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka sami matsala, jihohi da yawa har da Bauchi suka kwana fiye da mako cikin duhu. Batirin inbata ya ƙare a kwana na biyu, sauran ƙwayaye masu wayo da ke falo suka zama ado. Amma 'yan fitilun Inna, da ɗan faifan sola muke cajinsu, ba su fasa ko dare ɗaya ba. Ta ƙofar gida kuwa majalisar unguwa ce ta dawo ƙarƙashinta, duk wanda ya ga ta mutu sai ya ɗaga hula ta sake kamawa, ana ta dariya. Mutanen da shekara ashirin suke ce mini ɗan Gana, ranar suka ƙara mini da sarkin fitila. Abin lura da ita kawai shi ne ƙurar hunturu: idan ba a goge faifan duk bayan 'yan kwanaki ba, cajinta raguwa yake yi, kafin asuba ta gaji.

To ɗan uwana na Asawase, da duk mai irin wannan niyya, ga abin da zan ce. Ka fara bin hanyar da tsohonka yake bi da dare, da ƙafarka, cikin duhu, ka ga inda ake tuntuɓe, ka gyara ƙasan tukuna. Ka sayi abin da zai yi aiki ranar da babu wuta kuma babu intanet, domin a nan wannan ranar ba baƙuwa ba ce. Ka sa hasken a ƙasa, mara ƙarfi. Ka gwada shi a bazara kafin ka amince masa. Idan ido ne matsalar, a kai shi a duba, domin yanar ido aiki ake yi mata a cire, mu ma bayan an yi wa Inna nata ne ta ce ashe bangon ɗakinta shuɗi ne. Uwa uba, ka zauna ka tambaye shi abin da yake so kafin ka kira mai wayarin. Ƙwayaye masu wayo ba laifi gare su ba, biyu suna nan a falo yara na wasa da su, kuma ga wanda ke da tsayayyar wuta suna da daɗin sha'ani.

Inna tana nan lafiya, tana gaishe da mutanen Aboabo da na Sabon Zango. Tocilarta na ƙarƙashin matashi, ta ce ba ta yarda da abin da ba ita ta kunna ba. Ko tana tashi da dare har yanzu, da ƙarfe nawa, ban sani ba, kuma ban ƙara tambaya ba. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage. Sai mun sake haɗuwa, a gaida gida.